Baba Foshes da Tabarmar da Ba Ta Cika Ba

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, babba da yaro. Kakan mijina ya amsa kiran Ubangijinsa ranar Alhamis da hantsi, yana zaune a kan bencinsa na ƙofar gida, hularsa a kan gwiwa, ɓarin goro a hannu. Ni na kai masa kunu. Kullum idan ya kurɓa sai ya ce, "Amaryata, wannan sukari da kika sa, da ido kika nuna wa kunun ko?" Ran nan bai ce komai ba. Na ajiye kwanon a ƙasa na koma ciki da baya da baya.

Duk unguwarmu ta Mayil Wan a Fatakwal, daga masu albasa har mahauta, Baba Foshes suke ce masa. Sunansa na yanka sai 'yan gida.

Kafin azahar lungunmu ya cika. Mata na ciki ana ta salati. Da yamma wata mata 'yar ƙabilar Ikwerre, wadda ke sayar da abinci a ƙofar asibiti, ta shigo ta zube a tsakar gida tana birgima. Surukata ta kama ta tana cewa ba a yi wa mamaci haka a wurinmu. Ta fizge ta ce, "Na my papa too!" wato ita ma ubanta ne. Aka ƙyale ta ta yi kukanta.

Washegari baƙi suka iso daga Anaca da Enugu. A cikinsu akwai aminin Kaka tun na ƙuruciya, wani tsoho daga unguwar Obiagu ta Enugu, ɗansa ya tuƙo shi a mota. Shi ne ya fara lura da abin da ya ɓata masa rai. An kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, amma tabarmar 'yan unguwa ba ta cika. Mai ruwan lungunmu ya zo ya yi addu'a a tsugune, ya shafa, ya tashi. Mai baro ya leƙo da gumi a jikinsa, ko takalmi bai cire ba ya juya. Ƙanin mijina kansa, jikan mamaci, ya gaisa da mutane ya hau kekensa na haya mai ƙafa uku ya tafi.

Ina jin muryar tsohon ta taga. "Wannan wace irin unguwa ce? Mutum ya ƙare rayuwarsa a cikinku, ku kasa ba shi wuni ɗaya? Kasuwa za ta gudu ne?"

Mijina ya durƙusa ya ce, "Baba, wasiyyarsa ce. Shi ya ce kada su zauna."

"Rufe mini baki. Wasiyya ba ta cire wa mutum kunya."

Ni kuwa ina ɗaki, hannuna a goshin ɗana. Kowa na kukan wanda ya tafi, ni ina kuka biyu. Yaron nan idan zazzaɓi ya hau masa kai jijjiga yake yi, ya sandare, idanu su kafe. Tambayar da ke cina ita ce, yanzu idan ta tashi, wa zai yi kiran?

Bari in faɗa muku abin da kiran yake nufi, don waɗanda ba su zauna da mu ba.

Kaka ya tashi a Enugu. Yana saurayi ya yi aikin dako a gidan waya, yana ɗaukar buhunan wasiƙu zuwa tashar jirgin ƙasa. Akwai wani tsohon akawu da idan jirgi ya kusa tashi sai ya buga tebur ya ce musu, "Foshes! Foshes!" Kaka ya ce ya daɗe yana gudu a kan kalmar nan bai san ma'anarta ba, har ran da ya tambaya. Akawun ya ce masa tsohon Turanci ne, ma'anarsa da matuƙar sauri, ba tsayawa. Asalinsa kuwa, can ƙasar Turawa kafin a yi mota da jirgi, 'yan saƙo a kan dawaki suke tafiya. An ajiye mutane da dawaki zango zango a kan hanya, su ne ake kira fos. Idan saƙo na gaggawa ne sai a rubuta a bayan takardar, "hes, fos, hes," wato yi sauri ɗan saƙo, yi sauri. Idan doki ya gaji, a zango na gaba akwai wani a ɗaure yana jira. Da aka daɗe ana faɗa sai kalmomin suka manne suka zama ɗaya.

Ƙanwar mijina da ke karatun aikin jinya ta taɓa duba masa a waya. Ta ce ga yadda ake rubutawa, posthaste, amma Kaka, su Turawan ma sun daina faɗa, sai a tsofaffin littattafai. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Madalla. Sun yar, na tsinta."

Abin da ya tsinta a ciki shi ne abin da ya riƙa maimaita mana har muka haddace: "Ba dokin ne mai sauri ba, 'yan nan. Miƙawar ce mai sauri."

Abin dariya, mutumin da aka sa wa sunan sauri, ban taɓa ganin mai nawar tafiya kamarsa ba. Ƙafarsa ta hagu ta lalace tun zamanin da yake fataucin shanu a Anaca. Daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya gaisa da kowa, ya tambayi mai shayi lafiyar uwarsa a ƙauye, ya yi wa akuyar mutane faɗa. Idan na ce, "Angona, za a tayar da salla ka bar ni da kunya," sai ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Ke dai tanadi kuɗin zawarci, na kusa sakinki."

Kun san Fatakwal. Ruwa ya sauko, kwata ta cika, gosulo ya kama daga kasuwa har ƙarƙashin gadar sama, mota ta zama ɗaki. Okada kuma an hana a cikin gari. Shekarun baya wani mahauci ya sare ƙafarsa a bakin aiki, aka sa shi a tasi, jini ya ƙare masa a cikin gosulo, ana hango rufin asibiti. Kaka na cikin motar, kan mutumin a cinyarsa. Da aka dawo daga maƙabarta bai shiga gida ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi hanyar nan da ƙafa, yana tsayawa yana kallo, mutane na cewa tsoho ya zautu.

Abin da ya fito da shi ke nan. Lungunmu ƙunci ne da shi, ga ruwa, to mai ruwa ne zangon farko, don ƙafarsa ta san kowane rami kuma kafaɗarsa ta saba da nauyi. Shi zai kai bakin kasuwa. A nan mai baro zai karɓa, ya ratsa ta tsakanin rumfuna inda ko keke ba ya shiga, ya ɓulla bayan gada, inda gosulo ya ƙare. A can keke na tsaye. Keke ya kai ƙofar asibiti, Mama mai abinci, 'yar Ikwerren nan, ta karɓa, don ita ta san ma'aikatan, ta iya bakinsu, ba wanda zai tsayar da ita yana tambayar kati. Kowane zango mutum biyu ne ko uku, suna karɓa-karɓa, kowa a wurin sana'arsa yake, ba a raba shi da neman abincinsa ba. Sharaɗi dai kada wurin ya zama ba kowa.

Kiran kuwa shi ke riga mara lafiya isa. Kaka zai miƙe a kan bencinsa ya ce "Foshes!" Mai ruwa ya amsa, mai shayi ya cilla gaba, masu albasa su karɓa. Kafin a fito da mutum daga lungu an zubar da kayan da ke cikin baro an shimfiɗa buhu. Matasa suka ce a riƙa bugo waya kawai. Ya ce a buga, amma a yi kiran. "Waya tana mutuwa, tana cewa ba kuɗi. Maƙogwaro ba ya neman caji." Ya kuma hana a faɗi kalmar da wasa. Yaro ya faɗa a wasan ɓuya, ranar zai san sandar Kaka ba ta dogarawa kaɗai ba ce.

Kowace safiya bayan ya karya, sai ya bi zangunan nan da tafiyarsa ta hawainiya, aljihu cike da goro. Ya taɓa tayar baro ya ji ko da iska. Ya leƙa tankin keke. Wanda ya tarar ba ya wurinsa, ba zagi, ba faɗa. Zai zauna a wurin ne kawai har mutumin ya dawo ya same shi, ya ce, "Na riƙe maka. Da an zo, ni zan tura baron." Ba wanda aka yi wa haka sau biyu.

Rigimar da na sani ya yi babba, da jikansa ya yi ta, ƙanin mijina mai keke. Wata maƙwabciyarmu naƙuda ta zo mata da gardama. Ran nan yaron ya shigo unguwa cin abinci da kekensa, ya bar zangonsa. Da ya ji kira sai ya ce ga keke a ƙofar gida, me za a yi da baro, mace mai ciki a baro kamar buhun dankali? Ya ɗauke ta ya hau babban titi. Gosulo ya riƙe su. Allah ya sa mai baro ya bi su ya ciro ta ta tsakanin motoci, aka kai ta, ta sauka lafiya. Kowa ya ce tunda an tsira a bar magana. Kaka bai bari ba.

"Kai jarumi ne ko?" ya ce masa a gaban mutane. "Kana so a ce kai ka kai ta tun daga farko har ƙarshe."

"Kaka, taimako na yi."

"Taimakon kanka ka yi. Wanda ya ce shi kaɗai zai kai, sunansa yake ɗauke da shi, ba mara lafiya ba."

Yaron ya yi fushi ya daina cin abincin gidan. Kaka kuma ya daina amsa gaisuwarsa. Aka yi ta kai ruwa rana har azumi ya kama. Wata safiya Kaka ya isa bayan gada ya tarar da shi zaune a keke, ya ƙi ɗaukar fasinja mai nisa don abokin karɓarsa bai iso ba. Kaka ya hau baya ya zauna ya ce, "Direba, nawa ne zuwa inda ka tsaya ɗin nan?" Suka fashe da dariya. Shi ke nan.

Ni tawa jarrabawar daban ce. Kafin mu dawo Fatakwal, a Anaca muke, kuma a can na rasa 'yata ta fari. Jijjiga ce ita ma. A cinyata ta cika, a cikin tasi, kusa da babbar gada, direba na ta danna hon ba inda za a motsa. Tun daga ranar ban ƙara barci mai nauyi ba. Ɗana ya yi atishawa, na taɓa goshi. Ya yi shiru, na taɓa ƙirji.

Ran da jijjiga ta fara kama shi, yana goye, Kaka ya yi kira, mai ruwa ya iso ya miƙo hannu. Na ƙanƙame yaron. Wallahi ban san na yi ba. Mata na cewa a sa cokali a baki, wata ta kawo manja. Kaka ya daka musu tsawa ya ce ba cokali ba manja, a juya shi ta gefe. Sannan ya sunkuyo, ya daina ce mini amarya, ya ce, "'Yata, dube ni. Ke ce zangon farko. Kin kawo shi ƙofa, kin gama naki. Zangon da ya ƙi miƙawa shi ke kashe saƙo."

Na saki. Ban san da wane ƙarfi ba. Na bi su a baya ba takalmi, kafin in isa an yi masa allura yana barci.

Bayan nan Kaka bai taɓa yi mini dariyar tsorona ba, ko da kowa na yi. Idan ya ga na fito da ido ja sai ya ce in kawo abokinsa, haka yake kiran tattaɓa-kunnen nasa. Ya ɗora shi a cinya, ya taɓa wuyansa ya ce, "Lafiya lau. Je ki kwanta, ni ne mai gadi." A bencin nan kaɗai nake iya barin yaron in runtsa.

Da jikinsa ya fara sanyi ya tara mutanen zango ya ce musu, "Ranar da na mutu, wanda ke kan aiki kada ya bar wurinsa don ni. Ku zo ku yi addu'a ku koma. Matacce ya riga ya isa inda za shi. Mai rai ne ke kan hanya." Abin da aminin nasa ya ƙi saurara ke nan.

Ranar sadakar uku aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ana rabon waina, maza sun takure a ƙarƙashin rumfa. Tun ana gobe sadaka jikin ɗana da ɗumi, na ba shi magani, na yi ta goga masa tsumma mai sanyi. Ina cikin miƙa wa wata baƙuwa faranti na ji ƙafarsa ta buga tabarma. Na juya na ga idanun sun tafi.

Na sure shi na fito. Ƙafata da kanta ta kai ni wurin benci. Ba kowa a kai, sai ruwa na ɗiga.

Rumfa ta hargitse. Wannan na cewa a kawo ruwa, wancan na cewa a yi tofi. Aminin Kaka ya miƙe ya ce wa ɗansa, "Tayar da mota! Yarinya, kawo shi nan, ga mota a bakin lungu." Mijina ya dube ni, ya dubi tsohon. Babba ya yi magana, a gaban baƙi, a ranar makoki. Wa zai ce a'a?

Na dubi motar. Fara ce, kamar tasin Anaca.

Ni da ko sunan mijina ban taɓa faɗa a gaban surukaina ba, na tsaya a tsakiyar maza, kaina ba mayafi, na buɗe maƙogwaro na ce, "Foshes!"

Kafin in rufe baki na ji an amsa daga bakin famfo. Na ji mai shayi ya cilla. Na ji ta tafi can cikin kasuwa, murya bayan murya, tana ƙanƙancewa kamar jifa a ruwa. Mai ruwa ya ɓullo a guje, ya watsar da jarkokinsa a kwata. Wannan karon ba wanda ya ce in saki. Na juya yaron ta gefe na ɗora masa a hannu na ce, "Miƙa shi."

Tsohon ya ce, "Kun haukace? A ba ɗan garuwa yaro ga mota?" Amma mai ruwa ya riga ya sha kwana.

Mu muka shiga motar, ni da mijina da tsohon, don mu bi su. Ko kasuwa ba mu wuce ba gosulo ya rufe mu gaba da baya. Ruwa na dukan gilashi, ɗan tsohon na danna hon. Irin ƙarar nan, irin warin nan na kujera mai laima. Na dubi cinyata. Ba kowa a kai. Na tafa hannuwa biyu a kan cinyar ina karanta duk abin da ya zo bakina. Wata bas da ke gabanmu har direbanta ya kashe inji ya fito sayen masara.

Wayar mijina ta yi ƙara. Ya ɗauka ya buɗe muryarta a fili don kowa ya ji. Ƙaninsa ne, yana haki.

"Yaya, mun miƙa. Mama mai abinci ta shige da shi, ko tsayawa ba ta yi ba, har mai gadi ta ture. Ga ta nan ta leƙo, ta ce an sa masa allura, jikin ya saki. Yana kuka. Yaya, kana ji? Kuka yake yi!"

Ban san na yi guɗa ba sai da na ga masu tallan gefen titi sun juyo. Guɗa a ranar sadakar uku, Allah ya yafe mini, amma na san wanda ake makokin nasa da yana nan da shi zai ce in ƙara. Tsohon ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Kafaɗunsa na motsi. Motar kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba.

Da la'asar, bayan an ce yaro zai kwana a asibiti amma ba abin tsoro, mijina ya dawo da baƙi gida. Shi ya ba ni labarin sauran. Mai baro ya leƙo rumfa kamar yadda ya saba, zai yi addu'a a tsugune ya juya. Tsohon nan, wanda a shekaru ya isa haifar uban mai baro, ya dafa sanda ya miƙe masa tsaye. Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Ɗana, ka yafe mini. Ku kuka yi masa zaman makoki. Mu inuwa muka sha." Washegari kafin su kama hanya ya sa mijina ya zagaya da shi zangunan ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa, yana tambaya yana gyaɗa kai. Ya ce Obiagu ma akwai lungu, akwai masu baro.

Ɗana ya warke. Jiya ya hau bencin Kaka ya tsaya, ya cika ƙirji da iska zai kwaikwayi abin da ya ji ana ba da labari. Na toshe masa baki da tafin hannu tun kafin ta fito, don na hango mai ruwa ya riga ya ajiye jarka yana kallonmu. Na ce masa wannan kalma ba ta wasa ba ce, ta kakanka ce, ajiye ta sai ranar da wani ke bukata.

Na rubuta wannan da ɗan karatun da nake da shi, don yaran da za su taso su ji ana kira a kasuwa su san daga bakin wa ta fito. Har yanzu ina taɓa goshin ɗana, ban daina ba. Amma ina barci.

Kaka, angona mai ƙorafin sukari, ka kawo mu ƙofa, ka gama naka. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Yadda ka sa aka riƙa karɓar 'ya'yan mutane a kan hanya, Allah ya sa mala'ikun rahama su karɓe ka hannu da hannu, zango zango, ba gosulo ba jira, har cikin Aljanna Firdausi. Amin.